Kazar Ta Taka

An yanke mini ƙafar dama daga ƙasan gwiwa ina saurayi, ban yi aure ba. A filin ƙwallo na Rogo ta karye, wajen ƙarshen shekarun tamanin, lokacin sojoji na mulki. Karayar ba ta isa a yanke ƙafa ba. Abin da aka yi bayan karayar shi ya kai ni ga wuƙa.

Ni mutumin Turawa ne, wani ƙauye a ƙasar Karaye. Babana manomi, gyaɗa da dawa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na iya shi ne fartanya da ƙwallo. Baya nake bugawa, gefen dama. Ba ni da wata gwaninta, amma ina da gudu, kuma ba na tsoron ƙafar mutum. Da wannan aka ɗauke ni a ƙungiyar Karaye. Ba a biyanmu. In mun ci wasa a saya mana shinkafa da lemo, in an ci mu kowa ya nemi hanyar gidansu. Duk da haka na sa rai. Ana cewa masu neman 'yan wasa daga Kano sukan zo kallo ba tare da sun faɗa wa kowa ba. Ni kuwa ban ga wata hanyar fita daga gona ba sai wannan. Duk abin da nake da shi a duniya yana cikin ƙafafuna.

A shekarar ne aka kawo mana mutum biyu daga manyan kulob. Dukansu 'yan ƙasarmu ne. Sun ci albashin ƙwallo, sun kwana a otal, an faɗi sunansu a rediyo. Kuma dukansu korarsu aka yi. Ba zan kama sunansu ba. Mu ma da lambar rigarsu muke kiransu, Biyar da Tara.

Biyar ɗan wani ƙauye ne bayan Fulatan, ta wajen Rogo. Ƙato ne, baƙi, da giɓi a baki inda gwiwar hannun wani ta cire masa haƙori. Kulob ɗin wani kamfani a Kano yake yi wa tsaron baya. Wata rana rafali ya ba da fenariti a kansa, ya bi mutumin har tsakiyar fili ya kwaɗa masa mari, usur ya faɗi ƙasa. Aka dakatar da shi. Ba shi ne rafalin farko da ya ji hannunsa ba.

Tara ɗan cikin garin Karaye ne. Gidansu gidan malaman hakimi ne, tun kakansa su ke rubutu a ofishin gunduma. Ya yi sakandare. A Kudu ya yi wasa, ɗan gaba, mai cin ƙwallo. Shi bai taɓa dukan kowa ba. Ana gobe wasan kofi koci ya ce a benci zai fara, ya tattara jakarsa ya bar sansani. Bai tsaya nan ba, ya je gidan rediyo ya ce kocin bai san komai ba, abokan wasansa kuma da kafaɗarsa suke tafiya. Suka kore shi. Sauran kulob suka ƙi taɓa shi.

A majalisu mutane sun yi ta gardama a kansu. Wasu su ce Biyar mahaukaci ne, Tara gaskiya ya faɗa aka tsane shi. Wasu su ce gara mai mari da mai cin amana. Daga nesa suke maganarsu. Mu muka zauna da mutanen.

Ranar farko Biyar ya zo atisaye da damin rake a kafaɗa. Ya jefar a gindin bishiya ya ce, “Wa ke jin yunwa? Kar ku amsa, na gani a wuyanku.”

Ya dubi ƙafata. Kambas ne a ƙafata, ya fashe ta gaba, babban yatsa a waje.

“Kai, na Turawa, wannan yatsan kallo ya fito yi?”

Aka yi dariya. Washegari ya kawo mini tsohon but ɗinsa. Ya yi mini yawa.

“Cusa tsumma, ƙanena. Ƙafa za ta girma ta cika shi.”

Haka yake. Tire ɗaya yake cin abinci da mu, ya tura wa ƙananan cikinmu nama. In wani ba shi da kuɗin mota shi zai san yadda aka yi. In ɗan wata ƙungiya ya taka ka, ko daga wancan ƙarshen fili ne Biyar zai taho a guje. Akwai daɗi mutum ya san yana da irin wannan a bayansa. Sai dai faɗansa yakan ƙare da an fitar da shi, a bar mu cikin fili da mutanen da ya fusata.

Tara da fulas ɗinsa yake zuwa, da tawul ɗinsa, da cokalinsa. Bai taɓa sa hannu a tirenmu ba. Ba ya hawa a-kori-kurar da muke hawa, motar yayansa ke kawo shi. Bai san sunan kowa ba, ko kuma ya sani ba ya faɗa. Ni “manomi” yake ce mini. A fili kuwa ƙwallo in ta shiga ƙafarsa ta shiga ke nan.

Wata rana mai lamba goma ya ce masa, “Haba Tara, ni kaɗai ne fa a bakin raga. Ba ka gan ni ba?”

“Na gan ka. Shi ya sa ban ba ka ba.”

Amma bai taɓa makara ba, bai taɓa yi wa kowa ƙeta ba, kuma ban taɓa jin ya yi ƙarya ba. Ya taɓa tsayar da ni bayan atisaye ya ce, “Manomi, kana da gudu, ba ka da lissafi. In ka koyi inda ake tsayawa za ka ci abinci da ƙwallo.” Ya wuce abinsa. Wannan ce maganar kirki kaɗai da na ji daga bakinsa, kuma na riƙe ta fiye da duk yabon Biyar, don Biyar kowa yabonsa yake yi.

Tara yana cusa wata roba mai tauri cikin safa, ta rufe masa ƙwauri. Mu ba mu saba gani ba. Duk ranar da ya zauna yana sa ta, Biyar zai ce, “Amarya, an ƙunsa lalle?”

“Ƙwaurina ke ciyar da ni. Kai hannunka ya hana ka ci.”

Tara ya ce mini ni ma in sa ko kwali ne. Biyar kuma ya ba ni wata 'yar laya ta kawunsa, in sa cikin safa. Layar na sa. Ban san ko kwali zai tare dukan da aka yi mini ba. Ba na jin zai tare.

Wasan Rogo bayan roron gyaɗa aka yi shi, da la'asar. Filin ba shi da shinge, 'yan kallo a kan layi suke tsayawa, kana jin numfashinsu in ka zo jefa ƙwallo. Mutanen Rogo sun san Biyar nasu ne. Tun daga saukarmu suka fara. “Ɗan Fulatan, nawa Karaye ta saye ka?” Daga nan suka koma kan uwarsa. Kafin hutun rabin lokaci ɗan gabansu ya raɗa masa wata magana a kunne. Biyar ya kai masa gwiwar hannu, hancin yaron ya fashe. Rafali ya ɗaga jan kati daga nesa, yana ja da baya. Sai da mutane suka taru kafin a fitar da Biyar daga fili.

Koci ya ce in koma tsakiyar baya, wurin Biyar.

Da aka dawo daga hutu ƙwallo ta shiga ƙafar Tara. Namu suna gefe babu mai tsaronsu, suna ɗaga hannu. Ya ce sai ya yanke mutanen Rogo duka shi kaɗai. Suka ƙwace. Aka dako ta sama zuwa gidanmu, na bi ta. Wanda ya taho mini yayan yaron da aka fasa wa hanci ne. Bai dubi ƙwallon ba. Da ƙafa biyu ya zo.

Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Kamar an karya rake a gwiwa.

Aka ja ni bakin layi. Safata ta jiƙe da jini. Tara ya zo ya tsuguna, ya naɗe safar. Ranar ce hannunsa ya fara taɓa jikina. Layar ta faɗo, ya ture ta gefe.

“Ƙashi ya huda fata,” in ji shi. “Wannan na asibiti ne. Kano, yanzu. Ga motar yayana can.”

Biyar ya ratso mutane. “Asibiti? Don a yanke masa ƙafa?”

Ba wanda bai san wani da ya tafi asibiti da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya ba. A kowane ƙauye akwai shi. Ba mu taɓa tambayar a wane hali ƙafar take lokacin da aka kai shi ba.

“Kawuna maɗori ne,” in ji Biyar. “Gado ne, tun kakanni. Ya ɗora wanda ya faɗo daga rimi, yau yana huɗa. Nan kusa ne. Yaron nan zai buga ƙwallo kafin damina.”

“Zai buga da sanda,” in ji Tara.

Koci ya dubi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya koma bayan Biyar. Ba don sun auna maganar ba. A lokacin ko Tara ya ce nan ne gabas, sai mun tambayi wani kafin mu ta da salla. Ni ina kwance ina cizon riga. Da an tambaye ni, Biyar zan bi.

Tara ya miƙe ya goge hannunsa da tawul. “To ku ɗauki kayanku.”

Ya koma fili. Biyar ya goya ni, muna kan hanyar fita muka ji filin ya yi tsit. Tara ya ci. Da wannan ƙwallon Karaye ta yi nasara ranar.

Kawun Biyar dattijo ne mai sanyin magana, da farin gemu. Ya tarbe mu a zaure, ya yi mini sannu ya fi a ƙirga. Aka danne ni, aka sa mini tsumma a baki, ya ja ƙafar har ƙashin ya koma ciki. Ya shafa man shanu da wani baƙin gari a kan ramin, ya yi tofi. Ya jera tsagaggen gwangwala kewaye da ƙwaurin, ya naɗe da ƙyalle, ya ɗaure da igiya tamau tun daga idon sawu har gwiwa.

Sannan ya ce a kawo kaza.

Biyar ya fita ya dawo da budurwar kaza, ja. Dattijon ya riƙe ta a gabana, ya kama ƙafarta ta dama ya karya. Ya ɗaure mata da tsinke da zare, ya yi mata tofin da ya yi mini.

“Tare za ku warke, ɗana,” in ji shi. “Ranar da ta taka, kai ma ka taka.”

Ya faɗi dokar gidan. Ba mai kwance ɗori sai wanda ya ɗaura. Ba a kwancewa sai kazar ta taka. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Aka kife kazar da kwando kusa da tabarmata.

Washegari babana ya iso daga Turawa. Suka ba shi ɗaki, suka ba shi tuwo da fura, suka ƙi karɓar komai daga hannunsa. Biyar ya bar atisaye ya tare a gidan. Shi ke goya ni zuwa bayan gida. Shi ke kore mini ƙuda. Shi ke ba kazar tsaki.

“Amaryarka ta ci da yawa yau,” yakan ce. “Kai ma ka ci, kar ta riga ka tashi a ce mace ta fi ka.”

Ƙafar ta kumbura sama da igiyar da ƙasanta. Zafi kamar an tura ta cikin murhu. Na roƙi a sassauta. Dattijon ya ce zafin alama ce ƙashi na kamawa, in yi haƙuri. Biyar ya riƙe mini hannu ya ce, “Namiji ne kai, ƙanena. Ni da na karya haƙarƙari dariya na yi ta yi.”

Daga baya zafin ya ɗauke gaba ɗaya. Kowa ya yi hamdala. Yatsun suka yi duhu, suka yi sanyi. Wani wari ya fara tashi. Aka ce warin magani ne, aka riƙa turara ɗakin.

Kazar ta fara ɗan dafa ƙafarta a ƙasa, ta ɗaga, ta sake dafawa. A kwanakin ne Tara ya zo. Ba dubiya ta kawo shi ba. Wani kulob ya kira shi gwaji, hanyarsa ta biyo ta nan, koci ya ɗora masa jakar kayana ya kawo mini. Da hantsi ne. Ya yi sallama a taƙaice ya shigo, babana da dattijon da Biyar suna zaune. Ya ajiye jakar. Ya tsaya, ya sa tawul a hanci.

Ya zari tsinke daga tsintsiya, ya tsuguna wajen ƙafata.

“Manomi, ka ji?”

“Me?”

Ya nuna mini. Tsinken yana cikin babban yatsana.

Ya juya wajen dattijon. “Baba, ƙafar nan ta mutu. A kwance ta.”

Bai gaishe shi ba, bai tambayi gida ba, bai ce don Allah ba. Dattijon ya dube shi a natse.

“Yaro, ɗan gidan wa?”

Ya faɗa.

“Na san kakanka, mutumin kirki. Dubi kazar nan, ɗana. Ka ga ta fara takawa.”

“Ni ba kaza na zo gani ba. Ita ƙashinta bai huda fata ba, kuma ba da igiyar guga kuka ɗaure ta ba.”

Kafin ya rufe baki Biyar ya shaƙe masa wuyan riga ya haɗa shi da bango, ƙasa ta zubo daga rufi.

“A gidan kawuna? Kai wa ka taɓa warkarwa? Ko ruwa ka taɓa miƙa wa wani?”

Tara bai ɗaga hannu ba. Ya jira har aka sake shi, ya gyara rigarsa. Ya dubi babana.

“Baba, mota na waje. Zan sha ruwa a ƙofar gida. In kun fito da shi kafin in gama, zan kai shi Kano. In ba ku fito ba, ina da inda za ni.”

Ya fita.

Babana ya dubi ƙafata. Ya dubi dattijon. Ƙwaryar furar da aka kawo masa tana gabansa, ya sha rabi. Na ga bakinsa na motsi. Mutumin da ya ba ka ɗaki, ya ciyar da kai, bai karɓi ko ƙwayar gyaɗa ba, ta yaya za ka ɗauke ɗanka daga hannunsa a gaban iyalinsa, don maganar yaron da bai ko gaishe shi ba? Ya tashi ya leƙa zaure. Na ji muryarsa.

“Mun gode, ɗana. Allah ya yi albarka. Sai dai an riga an fara aiki, ba a yi wa dattijo haka.”

“Ƙafar ɗanka ce,” in ji Tara.

Na ji tashin motar.

Na sha tunanin wannan hantsin. Gidan su Tara gida ne da ake jin maganarsa har ƙauyukan Rogo. Da ya koma ya faɗa wa babansa, da an aiko, da dattijon ya kwance ba tare da an ci masa fuska ba. Ko da ya zauna ya gaisa, ya yi maganar a hankali, wataƙila babana ya sami bakin cewa to. Bai yi ba. Shi a wurinsa ya faɗi gaskiya, aikinsa ya ƙare. Ya tafi gwajinsa, kuma an ɗauke shi.

Bayan nan zazzaɓi ya rufe ni. Nakan ga babana in ɗauka koci ne. Ban san kwana nawa aka yi ba. Abin da na tuna, wata safiya aka ɗaga kwandon, kazar ta fito tsakar gida tana tafiya, ta kori wani ƙadangare. Mata suka yi guɗa daga cikin gida. Dattijon ya zo da fara'a, maƙwabta suka taru a ƙofar ɗaki su ga an kwance ɗori.

Ya warware igiyar. Ya cire gwangwalar. Da ya ja ƙyallen, naman ya biyo shi.

Ba zan faɗi sauran abin da ke ciki ba. Masu kallo suka ja da baya. Dattijon ya zauna a ƙasa daɓas, yana salati. Ba mugun mutum ba ne. Na gaskata ya ɗora ƙafafu da yawa sun warke. Tawa ce ba irin tasa ba.

Biyar ya sunkuya ya goya ni. Daga ƙauyen zuwa titi da nisa, bai sauke ni ba. Ya tsaya a tsakiyar hanya da ni a bayansa har wata motar rake ta ci birki. A kan rake aka kwantar da ni zuwa Kano.

A asibiti likita ya duba, ya tambaya, “Wa ya ɗaure wannan?”

“Ni,” in ji Biyar.

Jininsa aka ƙara mini. Likitan ya ce da ranar da ta karye aka zo, da ƙafata zan koma gida. Da an zo lokacin da yatsu suka fara duhu, wataƙila. Haka ya ce, wataƙila. Da na farka babu ƙafar. Biyar yana zaune a ƙasa jikin gadon, ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

Da aka sallame ni na koma Turawa, na tarar da kazar ta riga ni zuwa. Dattijon ne ya aiko da ita. A dokar gidansu maɗori ba ya cin kazar sai mai karaya ya fita da ƙafarsa. Innata ta ƙi a yanka, ba kuma wanda zai iya ci. Ta zauna a gidanmu. Ina kan tabarma a inuwar rumbu, ita tana kai da komo a gabana, ko ɗingishi babu. Ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, ta ja 'ya'yanta zuwa bola ta dawo da su. Da damina ta faɗi kowa ya tafi gona, gidan ya rage daga ni sai ita.

Ƙungiya ta zo dubiya sau ɗaya. An sami wani yaro daga Tudun Kaya ya ɗauki wurina.

Biyar an ɗage masa dakatarwa, ya koma Kano. Bai daɗe ba ya karya wa wani muƙamuƙi, aka hana shi wasa har abada. Ya zama direban babbar mota. Duk salla yakan zo Turawa da damin rake. Mu zauna, ya ba ni labarin hanya, da 'yan sanda, da tsadar taya. Bai sake ambaton ƙwallo a gabana ba, kuma idonsa ba ya sauka ƙasa da ƙirjina. Sau ɗaya ya fara, “Ƙanena, ranar nan...” Na ce masa raken bana ba zaƙi. Ya ce haka ne. Motarsa ta faɗi da shi a cikin shekarun casa'in. Na je jana'iza da sandata. Kawun nasa ya riga shi rasuwa, an ce tun bayan tawa bai sake taɓa karayar da ta yi jini ba.

But ɗin da ya ba ni, na hagun na sa har ya mutu. Na daman yana nan da tsummansa a ciki.

Tara ya yi suna. Ya je ƙasar waje, ya yi rigima da kocin can ma, ana faɗa a rediyo. Sau ɗaya na sake ganinsa, da ya zo rasuwar babansa. Ina zaune a bakin tasha, mota ta tsaya, gilas ya sauka.

“Manomi.”

“Tara.”

Shi ya dubi wurin da aka yanke sosai, bai kau da kai ba.

“Ƙasan gwiwa suka yanke. Ka yi sa'a. Na zaci har cinya.”

Gilas ya hau. Bai ce sannu ba. Bai kuma ce ai na faɗa maka ba, a nan kam na yaba masa.

Na juya mutanen nan biyu a raina shekara da shekaru, ban sami inda zan ajiye su ba. In na ce Biyar ya fi, sai in dubi ƙafar wandona da ke naɗe. Faɗansa aka rama a kaina, kuma a bayansa na tafi inda ta ruɓe. In na ce Tara ya fi, sai in tuna ƙarar motar nan tana nisa, shi ya san abin da ke ƙarƙashin ƙyallen, kuma ruwansa ya sha ya tafi. Biyar nake kewa. Maganar Tara ce gaskiya. Ko ɗaya bai dawo mini da komai ba.

Yanzu akwai gidan kallon ƙwallo kusa da inda nake zama. In an tashi samari sukan tsaya a kaina suna gardama kan 'yan wasan Turai. Wannan mafaɗaci ne amma yana son 'yan'uwansa, wancan mai girman kai ne amma shi ke ci, wanne ya fi daɗin zama. Wani lokaci ɗayansu ya ce, “Baba, an ce ka buga a zamaninka. Kai wanne za ka zaɓa?”

Nakan ce, wanda ba ka karye a gabansa ba. Su yi dariya, su ɗauka wasa nake.

Babana da innata sun rasu. Gonar ƙannena ke nomawa. Ina Karaye, bakin tasha, gindin dalbejiya, ina ɗinkin takalma da facin ƙwallon yara. Da yamma ɗan acaɓa ya mai da ni ɗakin da nake haya.